HALI ZANEN DUTSE NE? DARASI DAGA FAGGE DA SABON GARI

Wannan shi ne matanin laccar da aka gabatar ga 'yan uwa ɗalibai da 'yan kasuwa a wani zaman karatu a unguwar Fagge, Kano. Mun kawo ta domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam kuma Ya fifita shi da hankali. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Bayan haka, an ɗora mini nauyin yin bayani a kan fannoni uku na ilimin zamani waɗanda suke nazarin ɗan Adam da halayensa, wato waɗanda ɗalibanmu na jami'a suke kira antoropoloji da sosiyoloji da saikoloji. Dalilin zaɓen wannan maudu'i kuwa shi ne tambayar da iyaye suke yawan yi idan yaro ya sami gurbin karatu a ɗaya daga cikinsu: shin mene ne amfanin wannan karatu, kuma ba zai ɓata masa aƙida ba? Ba sai na kai ku Ingila ko Faransa ba kafin in amsa. Zan tsaya a nan inda muke zaune, tsakanin Fagge da Sabon Gari, domin masu waɗannan fannoni sun daɗe suna rubuce-rubuce a kan Kano da unguwanninta, alhali mu da muke ciki ba mu san abin da aka rubuta a kanmu ba.

Hausawa na cewa hali zanen dutse. Mukan faɗi wannan a kan mutum guda, sa'an nan mu faɗaɗa maganar ta game ƙabila sukutum, mu ce su wane ai haka halinsu yake, ba sa canzawa. Su ma can tsallaken titi haka suke faɗa a kanmu. Tambayar da nake so mu riƙe har ƙarshen wannan zama ita ce, shin maganar nan gaskiya ce? Lalle ba tambayar wasa ba ce, domin an zubar da jini a kanta a titunan nan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

FANNONIN UKU DA YADDA SUKE AIKI

Mu ɗauki misali da abin da muke gani kullum. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya ɗauki dilar atamfa ya ba abokin cinikinsa na Sabon Gari bashi, babu takarda, babu shaida, sai an sayar a kawo kuɗi. A ce masana uku suna tsaye suna kallo.

Na farko, masanin al'adun ɗan Adam, zai nemi ɗaki ya tare a unguwar, ya koyi harshe, ya zauna a rumfa wata da watanni yana saurare, har ya fahimci abin da mutanen suke nufi da amana, da maigida, da yaro, da cin mutunci. Wannan hanya ta zama da mutane ta kafu ne sosai bayan littafin da Malinowski ya fitar a 1922 a kan mutanen wasu tsibirai na tekun Fasifik.

Na biyu, masanin zamantakewa, ƙirge zai yi da auna tsari. Su wa suka mallaki shaguna? Mutum nawa ake ba irin wannan bashi? Wane hukunci kasuwa take yi wa wanda ya cinye? Wace doka ce ta sa wannan yake zaune a nan, wancan a can? Bafaranshen nan Auguste Comte ne ya raɗa wa fannin sunansa na Turai a shekarun 1830.

Na uku, masanin halayyar mutum guda, zuciyar ɗan kasuwar zai nufa. Yaya mutum yake yanke shawarar amincewa da wani? Me yake sa shi tsoro ko fushi? Shi gwaji yake shiryawa, ya canza abu guda ya ga abin da zai biyo baya. Ana ƙirga farkon wannan fanni a sigarsa ta zamani daga ɗakin gwajin da Wilhelm Wundt ya buɗe a Leipzig ta ƙasar Jamus a 1879.

Amma kada wani ya ɗauka cewa Turawa ne suka fara wannan tunani. Al-Biruni ya koyi harshen malaman Indiya, ya rubuta littafi a kan addininsu da al'adunsu wajen shekarar 1030. Ibn Khaldun ya rubuta Muƙaddima a 1377, inda ya yi bayanin asabiyya, wato ƙarfin haɗin kan jama'a, da yadda dauloli suke tashi suke faɗuwa. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya yi rubutu a kan tsoro da fushi da baƙin ciki da waswasi da hanyoyin magance su. A nan gida kuwa muna da Imam Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858 ya rasu a Kete-Krachi ta ƙasar Gana ta yau a 1934, wanda ya rubuta da ajami bayanin sana'o'i da fatauci da al'adun ƙasar Hausa. Ashe kayanmu ne muka bari, wasu suka ɗauka suka ci gaba da shi.

ABIN DA NAZARIN AL'ADU YA NUNA

Gaskiya ne wannan fanni ya shigo ƙasarmu a bayan bindigar Nasara. C. K. Meek, wanda ya fitar da littafi a kan ƙabilun Arewa a 1925, ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka ne, kuma abin da gwamnatin take so shi ne ta san mutane don ta iya mulkinsu. Wannan ya isa ya sa mu yi hattara. Sai dai duk da haka, nazarin ya fito da wata gaskiya wadda take gaban idonmu ba mu lura da ita ba.

Ku dubi sunayen unguwannin cikin birni: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Arewacin Afirka suka zauna, da Ayagi wadda 'yan kasuwa Yarbawa suka kafa tun kafin zuwan Bature. Ku je yau ku tambayi jikokin waɗannan mutane, za su ce muku su Kanawa ne, kuma babu mai musa musu. Ita kanta Fagge fage ce da ayarin fatake suke sauka a bayan ganuwa, kuma da za a bi salsalar waɗanda suke zaune a wannan wuri yanzu, da an sami Buzu da Babarbare da Banufe da Balarabe. Ba'amurken nan John Paden, wanda ya zauna a Kano a tsakiyar shekarun 1960 kuma ya fitar da littafinsa a kan addini da siyasar Kano a 1973, yana cikin waɗanda suka yi nazarin yadda mutane masu asali daban-daban suke narkewa su zama al'umma guda a wannan gari. Wato ƙabila ba jini kaɗai ba ce. Harshe da addini da auratayya da maƙwabtaka suna gina ta, kuma tana faɗaɗa tana tsukewa.

Akwai kuma wani nazari da ya juyo mana da madubi. Abner Cohen ya zauna da Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan a 1962 da 1963, ya fitar da littafinsa a 1969. Ya tarar da Hausawa sun keɓe kansu a unguwa guda, suna riƙe da cinikin shanu da na goro, suna ba juna bashi, suna sauka a gidajen fatomansu, ba sa son bare ya shiga sana'arsu. Ya nuna cewa wannan keɓewa ita ce take tsare amanar da fataucin nesa yake buƙata. 'Yan uwa, ashe ba abin da muke zargin mutanen Sabon Gari da shi ba ke nan? Tsarin da Inyamurai suke kira igba boi, inda yaro yake bauta wa maigidansa shekaru sa'an nan a sallame shi da jari, ɗan uwan tsarin maigida da yaron shago ne da muka sani a Kwari da Wapa. Baƙo a ko'ina yakan rungumi ɗan uwansa. Mu ma 'yan Sabon Gari ne a garin wasu.

ABIN DA NAZARIN ZAMANTAKEWA YA NUNA

To, idan Kano ta saba haɗiye baƙi, me ya sa ba ta haɗiye Sabon Gari ba? A nan ne masu nazarin zamantakewa da tarihi, irin su Isaac Olawale Albert da Ahmed Bako wanda ya fitar da tarihin Sabon Garin Kano a 2006, suka taimaka mana.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu 1903. Layin dogo ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanoni da ofisoshi suka buƙaci akawuna da ma'aikatan jirgi masu ilimin boko. A lokacin kuwa makarantar boko ta farko a Kano, ta Ɗan Hausa a Nasarawa, ba ta daɗe da buɗewa ba, domin a 1909 aka fara ta, alhali Kudu ta yi gomman shekaru tana da makarantun mishan. Saboda haka aka kawo ma'aikata daga Kudu da Saliyo da Gana ta yau. Wajen 1913 aka yanka musu Sabon Gari a bayan ganuwa, aka sa ta ƙarƙashin jami'in Bature, ba ƙarƙashin Sarki ba, kuma ba a mayar da ita hannun En'e ba sai a 1940. Bayan an gama gadar jirgi ta Makurɗi a 1932, mutanen Gabas suka ƙara kwararowa.

Ku auna wannan tsari da kyau. Baƙon da ya zo a da, unguwa ake ba shi a cikin birni, alƙali ɗaya yake yi musu shari'a da ɗan gari, kasuwarsu ɗaya. Baƙon da ya zo a zamanin Bature kuwa an ba shi unguwa daban, da kotu daban, da makaranta daban, da aikin albashi wanda ɗan gari ba shi da takardar nemansa. Al'ummu biyu suna ganin juna da rana a kasuwa, amma ba sa zuwa sunan juna, ba sa zuwa jana'izar juna. Fagge kuma ita ce a tsakiya, ita ce kan iyaka.

Sakamakon ya bayyana a watan Mayu 1953. Asalin rigimar siyasa ce: ƙudurin Anthony Enahoro na neman mulkin kai a 1956, da ihun da aka yi wa wakilan Arewa a Ikko, da zuwan tawagar jam'iyyar Action Group ƙarƙashin Akintola. Aka yi kwana huɗu ana faɗa, daga 16 zuwa 19 ga wata, kuma ƙididdigar hukuma ta ce mutum 36 suka mutu, 241 suka ji rauni. Abin lura shi ne, jam'iyyar da ta kawo tawagar ta Yarbawa ce akasari, amma faɗan ya fi tsanani tsakanin Hausawa da Inyamurai, wato waɗanda suke gogayya a kasuwa da neman aiki. Aka sake zubar da jini mai yawa a 1966, aka sake a Oktoba 1991 lokacin zuwan mai wa'azin Kirista ɗan Jamus, Reinhard Bonnke. Kowane karo, talakawa ne suka fi mutuwa.

Amma wannan garin dai shi ne wanda aka kafa jam'iyyar NEPU a cikinsa ranar 8 ga Agusta 1950, kuma cikin mutum takwas da suka kafa ta har da Bello Ijumu, Bayaraben ƙasar Kabba. Kuma bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, Inyamurai da yawa da suka dawo Kano sun karɓi gidajensu, wasu har da kuɗin hayar da aka tara musu. Mutane ɗaya ne, gari ɗaya ne. In da hali zanen dutse ne, wanne ne zanen, kisan ko riƙon amanar?

ABIN DA NAZARIN ZUCIYA YA NUNA

Masu wannan fanni sun gano wata karkata da take cikin zuciyar kowa, wadda Thomas Pettigrew ya yi bayaninta a 1979. Idan namu ya yi laifi, sai mu ce matsi ne ya sa shi. Idan nasu ya yi laifin nan, sai mu ce halinsu ne. Idan kuwa nasu ya yi alheri, sai mu ce ai shi daban yake da sauransu. Da wannan ma'auni babu ranar da bare zai fita.

Muzafer Sherif, ɗan asalin Turkiyya, ya yi wani gwaji a Amurka a 1954. Ya tara yara maza 22, masu launi ɗaya da addini ɗaya, ya raba su gida biyu, ya sa musu gasa mai kyauta. Cikin 'yan kwanaki suka fara zagin juna da ƙona tutar juna. Haɗa su cin abinci wuri guda bai yi magani ba, sai da aka kawo musu matsalar da ba mai iya warware ta shi kaɗai, kamar katsewar ruwan sha da motar abinci da ta ƙi tashi. An soki masu binciken daga baya da cewa sun taimaka wajen zuga yaran, amma wannan ma darasi ne, domin mun san masu zuga.

Kusa da mu, an yi wani gwaji a Kaduna wanda Alexandra Scacco da Shana Warren suka buga sakamakonsa a 2018. Samari 849 ne, Musulmi da Kirista, aka koya wa wani kaso daga cikinsu kwamfuta na mako 16, wasu a aji mai gauraye, wasu a aji na addini guda. Ra'ayin da suke furtawa game da juna bai canza ba. Amma da aka zo rabon kuɗi, waɗanda suka zauna a aji mai gauraye sun fi na ɗaya ajin yin adalci ga wanda ba addininsu ɗaya ba. Wato aiki yakan gyaru tun kafin baki ya gyaru.

Sa'an nan akwai jita-jita. Allport da Postman sun nuna a 1947 cewa jita-jita tana ƙarfi ne gwargwadon muhimmancin al'amari da kuma duhun da yake tattare da shi. Duk wanda ya taɓa ganin an rufe shaguna ana gudu daga Kwari zuwa Singa ba tare da kowa ya san abin da ya faru ba, ya san wannan. A da baki ne yake kai ta, yanzu wayar hannu ce. Mu kuwa aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta riga ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu afka wa mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama.

IYAKAR WAƊANNAN FANNONI

Kada a fahimce ni da cewa duk abin da aka buga a littafi gaskiya ne. A 1966 Robert LeVine ya fitar da wani bincike inda ya tattara mafarkan ɗaliban sakandare maza sama da 300, Hausawa da Yarbawa da Inyamurai, ya auna su da ma'aunin himmar neman ci gaba wanda aka ƙera a Amurka. Ya ce Inyamurai ne a sama, Hausawa a ƙasa. A yi masa adalci, bai ce jini ne ba, ya danganta abin ga tsarin samun ɗaukaka a kowace al'umma. Amma ma'aunin da ya ɗauki 'yan makarantar boko kaɗai, ina zai ga almajirin da ya taka daga Kano zuwa Barno neman Alƙur'ani? Ina zai ga fataken goro na Gwanja, ko Alhasan Ɗantata wanda ya rasu a 1955 ana lissafa shi attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma? Wanda ya auna hatsi da mudun wani gari, dole lissafinsa ya sami tangarɗa.

Iyaka ta biyu ta fi wannan girma. Waɗannan fannoni suna iya gaya maka abin da mutane suke yi da dalilan da suke tura su, amma ba za su iya gaya maka abin da ya kamata a yi ba, kuma ba su da na'urar auna niyya. Idan Durkheim ya ce a 1912 addini al'umma ce take girmama kanta, ko Freud ya ce a 1927 ruɗin zuciya ne, to sun fita daga abin da suka gwada sun shiga faɗin aƙidarsu. Marigayi Farfesa Malik Badri na Sudan ya yi wa masana Musulmi gargaɗi a kan haka a littafinsa na 1979. Aikin ɗalibi shi ne ya rarrabe tsakanin abin da mai bincike ya gani da abin da ya riga ya ƙudurta tun kafin ya fito daga gida.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Na farko, amsar tambayarmu. Mutum yana da ɗabi'ar da aka halicce shi da ita, amma hali yana karɓar gyara. Imam al-Gazali ya kafa hujja a Ihya'u da cewa in da hali ba ya canzawa, da wa'azi da tarbiyya sun zama aikin banza. Ausu da Khazraju sun yi shekaru suna yaƙar juna a Madina, sa'an nan suka zama Ansaru. Mai kira zuwa ga gyara shi ne mutum na ƙarshe da ya kamata ya ce wata al'umma ba ta gyaruwa.

Na biyu, aya ta 13 ta Suratul Hujurat ta sanar da mu cewa hikimar yin mu dangogi da ƙabilu ita ce mu san juna. Sanin juna kuwa ba ya samuwa da zato. Yana buƙatar zama da tambaya da ƙirge, kuma waɗannan fannoni kayan aikinsa ne.

Na uku, iyaye su bar 'ya'yansu su karanta su a Jami'ar Bayero da sauran jami'o'i, da sharaɗin a ba su tushen addini mai ƙarfi. Matsalar shaye-shaye da daba da mutuwar aure da barar yara ba za ta warware da tsinuwa daga kan mumbari kaɗai ba. Sai an san su wane ne, su nawa ne, me ya kai su. Likita ba ya ba da magani sai ya auna.

Na huɗu, ga 'yan kasuwa. Gobarar da ta cinye Kasuwar Sabon Gari a watan Maris 2016 ba ta tambayi sunan mai shago ba. Wuta da ɓarayi da kwata da tsadar haya matsaloli ne na kowa, kuma a kan irinsu ne ake haɗuwa a yi aiki tare ba tare da kowa ya bar addininsa ba. Ranar da labari ya zo cewa an taɓa namu a wani gari, ku zama masu tsayawa a bakin layi suna mayar da yara gida. Maƙwabcin da yake cikin amanarka ba shi ne ya yi laifin ba.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da yake ciki kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa. Allah Ya sanar da mu abin da zai amfane mu, Ya gyara halayenmu, Ya zaunar da Kano da ƙasarmu lafiya.